Lita biyu a takunkumi: yadda na koyi ba da oksijin

A cikin watan Disamba aka mayar da ni ɗakin gaggawa na yara, sanyi da hazo sun sauka sosai. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Arewa ya san kayan da hunturu ke zuwa da su: tari, mura, limoniya, har ta kai gado ɗaya yara biyu. Shekarata ɗaya ke nan da fara aikin jinya, kuma ina ji da kaina, don a ganina ba da oksijin ba wani abu ba ne. A murɗa kan tukunya, a maƙala wa yaro roba, shi ke nan.

A darena na uku aka shigo da wani yaro ɗan shekara huɗu, yana numfashi sama-sama, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk sa'ad da ya ja iska. Na maƙala masa na'urar ɗan yatsa mai auna yawan oksijin a jini, ta nuna kashi 86 cikin 100. Na ɗauko takunkumi na rufe masa baki da hanci, na saita iskar a lita 2 a minti, wai ni mai tattali, kada tukunyar ta ƙare kafin safiya. Ina tsaye ina jiran ya samu sauƙi sai babbar sistarmu ta zo wucewa. Ta dubi yaron, ta dubi ma'aunin, ta dube ni.

"Ke, wa ya koya miki haka?"

Na ce, "Anti, tukunyar nake lallaɓawa."

Ba ta tanka ba. Ta cire takunkumin, ta goge wa yaron majinar da ta toshe masa hanci, ta sa masa siririyar robar nan mai ƙaho biyu, ta bar iskar a lita 2 ɗin da na saita. Kafin minti goma na'urar ta haura 94. Sai da muka koma teburi ta zaunar da ni. Ta ce takunkumi kamar ƙoƙo yake a fuska, idan iskar da ke shigarsa ba ta kai lita 5 ba, ba za ta iya kore numfashin da yaron ya fitar ba, sai ya riƙa mayar da gurɓatacciyar iskarsa ciki. Ashe tattalin da nake taƙama da shi shaƙe ɗan mutane nake yi. Kunyar daren nan har yau ban manta ba.

Daga nan na fara kallon kowace roba da irin aikinta. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, kuma kayan nan duka dabaru ne na ƙara wannan kaso. Robar hanci ita ce abokiyar aikinmu a ɗakin yara. Jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa lita 1 ya ishe shi, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2, wanda ya girme su har zuwa 4. Babban mutum akan kai masa 6, fiye da haka sai bushewar hanci da haɓo. Abin da ya sa na fi son ta, yaro zai sha nono da ita, ya yi kuka da ita, uwarsa ta ga fuskarsa. Takunkumi kuwa yara kokawa suke yi da shi, kuma kowane kuka ƙarin gajiya ne ga huhun da dama ya gaji. Akwai mai jaka a ƙasa, wanda ake ba wa lita 10 zuwa 15 idan abu ya yi tsanani, kuma dole a bari jakar ta cika ta kumbura kafin a ɗora shi a fuska. Na sha ganin an ɗora shi jakar a lanƙwame, ana mamakin me ya sa majinyaci bai farfaɗo ba.

Wannan na ƙarshe shi ke shanye tukunya. Babbar tukunyar da ta kai mutum tsawo tana ɗaukar lita 6,800 ko kusa da haka. A lita 1 za ta yi kwana huɗu da ɗoriya, a lita 15 kuwa awa bakwai da rabi ta ƙare. Wannan lissafin ban koye shi a aji ba, na koye shi ne ranar da na karɓi aikin dare ban duba agogon tukunya mai nuna iskar da ta rage ba, ƙarfe uku ta yi shiru, mai makullin sito kuma ya tafi gida. Allah ya taimake mu da ƙaramar tukunyar ɗakin haihuwa. Tun daga ranar, kafin in gaisa da kowa sai na leƙa agogon.

Sauran kwanaki na'urar tace iska ce ke riƙe da mu, wadda muke ce wa konsantireta. Tana zuƙar iskar ɗaki, ta tace naitirojin ta fitar, ta ba da oksijin mai kashi 90 da wani abu. Ba ta ƙarewa, amma ba ta aiki sai da wuta, kuma ƙura ce babbar maƙiyiyarta. A takarda an ce a wanke soson bayanta duk mako. Wanda ya rubuta haka bai ga hazon Janairu ba, mu kwana biyu-biyu muke yi. Abin da ya fi ba ni tsoro game da ita, za ta iya yin ƙara, kwalbar ruwanta na ɓulɓula, ƙwallon ma'auni na sama, alhali abin da take fitarwa bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Idan yara biyu a kan na'ura ɗaya suka ƙi haurawa tare, na daina zargin huhunsu, na'urar nake fara tuhuma.

Ita ma na'urar ɗan yatsa ba annabiya ba ce. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, haske take harbawa ta cikin yatsa ta auna launin jini. Don haka hannu mai sanyi, yaro mai mutsu-mutsu, jan farce ko baƙin lalle mai kauri duk suna iya rikita ta. A 2020 ma wani bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna takan ƙara wa masu baƙar fata lamba, ta nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa. Mu da duk majinyatanmu baƙaƙe ne, wannan magana tamu ce. Shi ya sa idan ta ce 92, amma yaron na gurnani, hancinsa na buɗewa, ya ƙi kama nono, yaron nake gaskatawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba yaro oksijin idan ya gaza 90, idan kuma yana da alamun gaggawa tun daga ƙasa da 94.

Wani darasin da ya zo min a bazata shi ne oksijin na iya yin yawa. Bakwaini idan aka cika masa, jijiyoyin bayan idonsa kan lalace har ya makance, shi ya sa ba ma barin nasa ya wuce 95. Lokacin da na yi 'yan watanni a ɓangaren manya kuma na haɗu da wata tsohuwa da hayaƙin murhu na shekara da shekaru ya cinye wa huhu. 'Ya'yanta suka ga 90 suka ce a ƙara, ni ma zuciyata ta so in ƙara. Likita ya ce a'a, irin nata tsakanin 88 da 92 ake riƙe su, idan aka wuce gurɓatacciyar iska kan taru a jininsu, su yi ta barci har su kasa tashi. Ya sa aka kawo takunkumin Venturi mai kawuna kala-kala da ke ƙayyade kason oksijin, shuɗi kashi 24, fari 28, aka ɗaura mata shuɗin.

Sai maganar wuta, wadda ba na gajiya da ita. Oksijin ba ya ci da kansa, amma duk abin da ya kama a kusa da shi sai ya ci ninkin ba ninkin. Na taɓa kama wata baiwar Allah ta shigo da kasko da garwashi a ɓoye cikin zani don ta ɗumama jikanta. Basilin ma da iyaye ke son shafa wa yaro a hanci idan ya bushe muna hanawa, haka man shafawa a hannun mai murɗa kan tukunya.

Duk waɗannan ana koyonsu a hankali. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mutane. A 2018 Najeriya ce ta fi kowace ƙasa rasa yara ta dalilin limoniya, kimanin 162,000 a ƙididdigar UNICEF, amma har gobe a unguwanninmu idan aka ce "an sa masa oksijin", sai ka ji an yi salati, an fara kiran 'yan uwa. Da haushi nake ji, daga baya na ga ba laifinsu ba ne. Shekara da shekaru tukunya ɗaya ce a asibiti, ana adana ta sai ga wanda ya kai gargara, to wanda suka gani da roba a hanci yawanci gawarsa suke ɗauka. Mu muka koya musu tsoron.

Wata Hajiya ta kawo jikarta 'yar wata takwas, na'ura na nuna 84. Ina ɗauko roba ta riƙe min hannu.

"'Yar nan, kada ki sa mata. Wannan abin shi ya tafi da Malam."

Da a farkon zuwana ne, da na ce mata umarnin likita ne, mu yi ta ja-in-ja har ta naɗe goyonta ta fita. Sai na durƙusa na ce, "Hajiya, Allah ya jiƙan Malam. Ba ni yatsanki." Na maƙala mata, ta nuna 97. Na maƙala a babban yatsan ƙafar jaririyar, 84. Na ce, "Kin ga naki, kin ga nata. Ki ba ni minti goma, ke za ki riƙe na'urar. Idan lambar ba ta hau ba, da hannuna zan cire." Ta yi shiru, can ta ce, "To, bismillah." Muna zaune lambar ta tashi 88, ta kai 91, ta tsaya a 95, yarinyar da ta kwana ba ta runtsa ba ta yi barci a cinyar uwarta.

Kwana huɗu suka yi. Hajiya ta zama mai gadin roba, ko kaɗan ta zame daga hanci sai ta aiko a kira ni. Ranar da za mu gwada cirewa, na rage iskar kaɗan-kaɗan, na rufe, na zauna minti 15 ina kallon lambar, na sake dawowa bayan awa ɗaya. Tana nan a 94. Na ce mata sai sun ƙara kwana ɗaya ba roba kafin a sallame su. Ba ta yi musu ba. Washegari suna haɗa kaya, wata mata a gadon gefe ta fara kuka don an ce za a sa wa ɗanta. Kafin in taso daga teburi, Hajiya ta riga ni isa wurinta, ta waiwayo ta ce, "Sista, kawo abin yatsan nan."