Abin da ƙafar tsohuwar MGB ta koya mini

Duk bakaniken da ya daɗe a Sakkwato ya san ba tsatsa ke kashe tsohuwar mota a nan ba. Ƙasarmu busasshiya ce, ƙarfe kan yi shekaru yana nan garau. Roba ce ke mutuwa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gasa bushin ƙafa, wato robar da ke tsakanin ƙarafunan da ke riƙe da taya, har ya tsattsage, hunturu kuma ya zo ya cusa ƙura duk inda giris yake. Shi ya sa idan aka kawo mini mota irin ta da, ƙarƙashinta nake fara shiga kafin in ɗaga bonet.

Yawancin abin da na sani kan wannan aiki a jikin MGB na koye shi, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da aka riƙa ƙerawa a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Wadda ke zuwa garejinmu wani Alhaji ne ya gaje ta daga mahaifinsa. Sitiyarinta a dama yake, don ta shigo tun kafin Najeriya ta sauya hannun tuƙi a 1972.

Shokazobarta ba doguwar nan ba ce da muka saba gani a Peugeot 504. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne cike da mai, da hannu mai hawa da sauka. A gaba, wannan hannun shi ne ke riƙe da ƙafar ta sama, saboda haka idan ya saki ba tsalle kaɗai motar za ta yi ba, tayar kanta rawa za ta riƙa yi. Motar ba ta da boljoyin, mahaɗin nan mai kan ƙwallo da tayar gaba ke juyawa a kansa. Kan wata sandar ƙarfe taya ke juyawa, kuma sandar na son giris kusan duk bayan kilomita 5,000. Wanda ya yi sakaci da wannan, sitiyari zai yi masa tauri, daga nan bushin tagullar da ke zagaye da sandar ya cinye.

Kamfanoni a Ingila da Amurka na sayar da kayan zamani na maye gurbin duk waɗannan. Ɗan Alhajin ya zo da hotunansu a waya, yana son a sauya ƙafar gaba ɗungurungum, a kuma saukar da motar ta kwanta ƙasa. Na ce wa mahaifinsa, "Ranka ya daɗe, kayan na da kyau. To amma ran da ɗaya ya lalace a hanyar Illela, wa zai gyara, kuma da me?" Wannan tambayar ce ma'aunina har yau. Sauyin da nake yarda da shi shi ne wanda yaron gareji zai kwance da sifana, a kuma sami madadinsa ba sai an jira jirgi ba.

A baya mun sa doguwar shokazoba, domin maƙalinta na zama ne a ramukan noti na asali, babu yanka babu walda. In ta mutu, cikin sa'a guda an cire an sa wata, babu sauran zancen ƙara mai. A gaba kuwa na bar na asali, tunda ba ya yoyo, na sauya masa mai kawai.

Bushi ne ya fi cin tunani. Na roba mai tauri, wanda ake kira foliyuritan, ya fi jure zafi da mai, shi ya sa kowa ke ɗokinsa. Sai dai yana kuka idan ba a shafa masa giris ɗin silikon ba, kuma mai taurin sosai ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi ga jikin mota. Ita kuwa MGB ba ta da shasi daban, jikinta ne ƙashinta. Ƙarfen da ya haura shekara 50 yana shan dukan ramukan damina kai tsaye, wata rana tsagewa zai yi a gindin maƙalin sifirin. Don haka na sa mai matsakaicin tauri a sifirin baya, a hannun ƙasa na gaba kuma na sa bushin samfurin MGB mai injin V8, roba ce da aka manne da bututun ƙarfe, ta fi ta asali ƙarko nesa ba kusa ba. Wani abu da nake nanata wa yarana: bushin roba ba a ɗaure notinsa tamau mota na kan jak. A sauke ta, nauyinta ya zauna kan tayoyi, sannan a ɗaure. In ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ba za ta ga damina biyu ba.

Zancen saukar da mota kuwa ban karɓa ba sam. A ƙarshen 1974 kamfanin da kansa ya ƙara wa MGB tsawo daga ƙasa da kusan inci ɗaya saboda dokar Amurka, masu ita a Turai kan rage shi don ta fi kama kwana. Su titinsu ya yarda da haka. A nan, ga tudun rage gudu ga yashi ga kwazazzabon da ruwan Agusta ke bari, salansa ce za ta fara tafiya, tukunyar man inji ta biyo baya.

Tsofaffin kayan da muka cire ban bari an kai wa 'yan jari-bola ba. Na wanke su, na sa a kwali, na rubuta dama da hagu, domin darajar irin wannan mota na tare da kayanta na asali, kuma mai ita na iya so a mayar. Lambar kowane sabon abu da ranar da aka sa shi na rubuta a ɗan littafi, yana cikin aljihun gaban mota, saboda bakaniken da zai zo bayana. Sandar gaba dai har yanzu giris take so, don haka na zaunar da direban Alhaji na nuna masa bakin kowane nono, wato ɗan ƙarfen da ake matsa giris ta cikinsa, da yadda zai goge ƙura kafin ya matsa, ya ci gaba da matsawa har sai tsohon baƙin giris ya fito sabo ya biyo shi.