Sunana a Shafin Godiya

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a, na bar aiki. Kafin in fita na buɗe durowar ƙasa na kwashe littattafaina huɗu masu baƙin bango. Su kaɗai na ɗauka, don a cikinsu na rubuta duk abin da ya faru a ajin mutum-mutumi tun daga ranar farko.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ne ya haifi ajin. Wata takwas muna zaune, daga Fabrairu har Oktoba, sai na fara zuwa wata makarantar sakandare duk Asabar. Kayan haɗa mutum-mutumi na Lego Mindstorms sun fi ƙarfin aljihuna, kuma a shekarar ne ma kamfanin ya sanar zai daina yin su. Sai na koma ga Arduino, ɗan allon lantarki mai aiki kamar ƙaramar kwamfuta da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai. Da shi muka haɗa 'yar mota mai bin layi: ƙananan injuna biyu masu juya tayoyi, idanu biyu a ƙasa, da baƙin salatif na masu wayarin da muka manna a kan farin kwali. Idon yana harba wani haske da mutum ba ya gani. Fari ya maido masa da hasken, baƙi ya shanye, da haka motar ke gane inda layi yake.

A ofishina da yamma tana tafiya sumul. A aji kuwa, da rana ta take, sai ta haukace ta yi ta juyi wuri ɗaya. Asabar biyu ina zargin lissafin da na rubuta mata. Wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ba ta cika magana ba, ta tsuguna ta kāre motar da gefen hijabinta, sai ga mota ta kama layi. Ta ɗago ta ce, "Malam, rana ce ke shigar mata ido." Gaskiyarta. Hasken rana na ɗauke da irin wancan hasken, ga tagogin ajin babu gilashi. Ta yanko kwalin ashana ta yi wa idanun rumfa, magana ta ƙare. Daga ranar na daina gyara wa yara abin da ya lalace, nake barinsu su binciko. Seymour Papert na jami'ar MIT a Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na Logo don yara a 1967, ya daɗe da nuna cewa yaro ya fi koyo idan ya gina abu da hannunsa ya kuma nemo kuskurensa. Na karanta wannan tuntuni, amma a tsugunnen yarinyar nan na fahimce shi. A kansa na gina binciken da na yi kan ajin gaba ɗaya.

Da na gama rubuta maƙala, Farfesan sashenmu ya ce in kawo ya duba mini. Na zuba masa komai a filashi: rubutun, sakamakon gwajin yara, hotuna. Maganar jerin sunayen marubuta ta zo mini har baki, kunya ta hana ni furtawa. Mutumin da ya sa hannu aka ɗauke ni aiki, ta yaya zan tsare shi da tambayar sunan wa zai zo farko? Wannan shirun shi ne kuskurena, kuma har yau idan na tuna sai na ji abu ya tokare mini ƙirji.

Wani abokin aiki ne ya turo mini maƙalar ta WhatsApp bayan ta fito. Sunaye uku: Farfesa da wasu abokansa biyu da ko ƙofar makarantar ba su sani ba. Nawa yana can ƙarshe, a shafin godiya, an gode mini da taimakawa wajen tattara bayanai. Labarin kwalin ashana yana ciki, da kalmomina, ba a sauya ko waƙafi ba.

Na same shi a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga sunana ba." Bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba ya ce, "Kai yaro ne, lokacinka na zuwa. Mu ma haka muka taso."

Wanda ba ya cikin jami'a zai ce ai suna ne kawai. Amma kwamitin ƙarin girma maƙalu yake ƙirgawa, kuma ma'aunin da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005 shi ake dubawa a Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton maƙalu: idan an ce ma'auninka goma ne, kana da maƙalu goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Shafin godiya ba ya shiga wannan lissafi. Duk wanda ya kafa hujja da aikin nan, lambar Farfesa ce ke hawa, har ana gayyatarsa taruka ya yi jawabi kan koyar da yara fasahar mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira. Ban taɓa ganinsa riƙe da ƙarfen liƙa dalma ba.

Ga ƙannena da na bari a sashen: ku tura jerin sunaye ta imel kafin ku rubuta layin farko, ko da za a ce ba ku da kunya. Ku riƙa sa kwanan wata a kowane shafi na littafinku. Mujallar da ta karɓi maƙala cikin kwana uku ta nemi kuɗi, ku guje ta, ni ma haushi ya kusa jefa ni hannunsu. Batirin injunan tayoyi kuma ku raba shi da na Arduino, in ba haka ba allon zai riƙa mutuwa yana tashi.

Kayan ajin da kuɗina na saya, don haka na bar wa malamin kimiyyar makarantar su, akwati biyu. Ya ce za su ci gaba da zaman Asabar. Yarinyar ta gama sakandare, amma takan leƙo ta nuna wa 'yan aji huɗu yadda ake yanka rumfar.