Ba kowace i7 ba ce i7, ku daina sayen takardar da aka manna

Jama'a abin ga yana damuna ƙwarai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Kusan duk wanda zai sayi kwamfuta nan Maradi, ko ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ko mai shagon buga takardu, tambaya guda yake yi, i5 ce ko i7, wato sunayen da kamfanin Intel ke sa wa firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ake mannawa a jikinta? Da an ce mai i7 sai ya zaro kuɗi. Alhali firosesar laftof da ta kwamfutar tebur, ko sunansu ɗaya ne, aikinsu ba ɗaya ba ne sam.

Maganar duka wuta ce da zafi. Firosesar tebur ta yau da kullum an yi ta ne ta ci wajen wat 65, manyan ma irin i9-13900K suna haurawa har 253 in aiki ya yi nauyi, saboda suna da ƙaton akwati, ga fanka babba, ga iska na shiga tana fita. Ta laftof kuwa wadda lambarta ta ƙare da harafin U wat 15 aka tsara mata, masu H wajen 45. To don Allah ta yaya mai cin 15 za ta ja kaya daidai da mai cin 65? Kamar ka kwatanta kabu-kabu da motar ɗaukar buhunan gero ne, duk suna kai mutum kasuwa amma kowa da abin da zai iya ɗauka.

Ga misali a fili. Akwai i7-7500U ta 2016 da ta cika cikin laftof ɗin hannu da ake kawo mana, kor biyu kacal gare ta, wato hannuwa biyu na aiki. A 2017 Intel ta fiddo i5-8250U, ita ma wat 15, amma kor huɗu, kuma wallahi in aikin mai nauyi ne wannan i5 ɗin tana barin waccan i7 a baya. A shekarar dai suka fiddo i5-8400 ta tebur mai kor shida. Amma mai saye bai san wannan ba, ya ga 7 ta fi 5 sai ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai rauni, yaro ya tara ƴan kuɗinsa da ƙyar ko babansa ya saida rago, wannan shi ke ƙona min rai. Ƙari ma, Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8, wato zubi na takwas na firosesa, take farawa wajen Intel, Windows 10 kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Ku duba lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan firosesar, kamar 8 a i5-8250U, ita ce ƙarni (daga ƙarni na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ne), ku duba harafin ƙarshe.

Sai zafinmu. Firosesa in ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu da garin nan ke wuce digiri 40, iskar da fankar laftof ke zuƙa don ta huce ita kanta da zafi take shiga, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan, ga mutum ya aza ta bisa katifa ko bisa cinya. Minti kaɗan na farko tana gudu lafiya lau, daga nan sai ka ji fanka na kuka, bidiyo na tsayawa, mai ita ya ce ai biris ne ya shiga. In an buɗe bayanta sai ka ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka, man nan mai launin toka da ake shafa wa firosesa ya bushe ƙayau yana farfashewa. A share, a sa sabon mai, a ɗan ɗaga bayanta daga tebur, sai ta dawo hayyacinta.

To kar a ce na tsani laftof, a'a. Wajen tattalin wuta ba a haɗa su. Cajarta yawanci wat 45 ko 65 aka rubuta a jiki, ƙaramin sola ma na riƙe ta, kuma in an ɗauke wuta tana ci gaba da batirinta. Wanda ya ga halin da aka shiga a watan Agusta 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar ya san darajar wannan. Ta tebur kuwa ana ɗauke wuta ɗif, aikin da ba ka ajiye ba ya tafi, sai in kana da batirin ajiya ko janareta. Kuma na laftof sun ci gaba sosai, M1 da Apple ta fiddo a ƙarshen 2020 cikin MacBook Air ko fanka babu, amma tana aikin da ke ba mutum mamaki, sai dai kuɗinta da wahalar gyaranta a nan.

Ni dai ga shawarata. Ɗalibi, malamin makaranta, mai rubutu da lissafin shago, ka nemi laftof ƙarni na 8 zuwa sama, ka sa mata SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da RAM, ma'ajiyar aikin da take kai, giga 8, ta ishe ka har ka gama. Mai haɗa bidiyon biki da suna, mai zanen gini, wanda injinsa zai wuni yana aiki, ɗan'uwa ka haƙura ka sayi ta tebur ka nemi hanyar wuta, ko aƙalla laftof mai H. Ta tebur gobe in ka samu hali za ka iya cire firosesar ka sa wadda ta fi ta, ta laftof kuwa yawanci a like take da allon ciki, yadda ka saye ta haka za ka zauna da ita.