Kafin ka rubuta "destroyed", je ka duba ko bangon yana tsaye

Ƙannena masu koyon Turanci, lokacin da na fara aikin fassara ina da wani ɗan littafi da nake tara kalmomi a ciki. A shafi ɗaya na jera damage, destroy, ruin, wreck, demolish da devastate, na ja layi a gefensu na rubuta "lalata". Da wannan shafi na yi ta aiki, kuma shi ya jawo mini kuskuren da har yau nake jin nauyinsa.

An kawo mini rahoton wata iska mai ƙarfi da ta yaye rufin makaranta, aka ce in mayar da shi Turanci. Na rubuta cewa makarantar "was destroyed". Waɗanda aka aika wa suka ɗauka babu abin da ya rage sai baraguzai, suka shiga lissafin sabon gini tun daga tushe. Da suka turo mutum ya duba, ya tarar da bango tsaye ƙyam, ƙofofi da tagogi lafiya lau. Daga nan suka fara shakkar duk abin da rahoton ya ƙunsa. Gyaran da bai fi na 'yan makonni ba ya ja watanni, yara suna karatu a rana. Kalmar da ta dace ita ce "damaged": abu ya taɓu, amma zai gyaru. Shi kuwa "destroyed" ya tafi ke nan, sai dai a sake wani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a Hausa ban taɓa yin irin wannan kuskure ba. Na san tsagewa daban, ruftawa daban, ƙonewa ƙurmus daban. Turancin ne na raina, na ɗauka kalmominsa ado ne kawai.

Ku kuma lura da wanda ya yi ɓarnar. Mu muna cewa "ginin ya rushe" ko "an rushe ginin". Turanci ya ba kowanne kalmarsa. Collapse shi ne gini ya zube, kamar yadda tagwayen benayen New York suka zube ranar 11 ga Satumba, 2001. Demolish kuwa da niyya ake yi, da katafila ko guduma, kamar yadda aka yi wa Katangar Berlin bayan an buɗe ta a 1989. In bene ya rufta ka rubuta "demolished", ka ɗora wa wani laifin rusau bai ji ba bai gani ba. Akwai kuma raze, wato a share gini har ƙasa. A kunne ɗaya take da raise, ɗagawa, alhali ma'anarsu hannun riga.

Wadda ta fi hana ni barci ita ce casualties. Na taɓa ganin ta a labarin hatsarin mota, na fassara ta da "waɗanda suka mutu". Ashe kalmar ta haɗa matattu da waɗanda suka jikkata, kuma yawancin mutanen nan suna asibiti da ransu. Ku yi tunanin uwar da ta karanta wannan, ɗanta yana cikin motar. In ana nufin mace-mace zalla, za ku ga deaths, fatalities ko death toll. Kuma wanda ya ji ciwo ba a ce masa "damaged". Injured ake cewa a hatsari, wounded in makami ne ya raunata shi.

Harafi ɗaya ma yana sauya zance. Damage ita ce ɓarnar, komai yawanta ba a ƙara mata s. Damages kuwa diyya ce da kotu ke sa a biya.

Wasu kalmomin tarihinsu ne ya zaunar mini da su. Vandalize, ɓarnata kayan jama'a da gangan, ta samo asali ne daga ƙabilar Vandal da ta wawashe birnin Rum a shekara ta 455. Decimate kuma daga horon da sojojin Rum suke yi wa rundunar da ta yi laifi, a kashe ɗaya cikin goma. Yau ana amfani da ita ga kowace asara mai yawa, amma ba ta nufin an ƙare kaf.

Shafin nan na yage shi. Yanzu kowace kalma sai na rubuta ta da cikakkiyar jimlar da na tsince ta a ciki. In kuma aka kawo mini rahoton ɓarna, kafin in ɗauki alƙalami nakan kira wanda ya gani da idonsa in tambaye shi: me ya rage a tsaye, wa ya yi, mutum nawa ne suke da rai?