Wasiƙa daga Washinton game da hotunan 'yan ƙwadagon gona

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Sakkwato. Ina fatan kowa yana lafiya, kuma an ga kaka da alheri. Tun da na fara tura muku hotunan baƙi da fari na manoman Amurka, tambaya ɗaya kuke maimaita mini: wai da gaske Turawa ne waɗannan masu yagaggun riguna, kuma me ya sa hotunan ba su da kala? Na kuma yi alkawarin bayani a kan farashin kyamara, amma bari in fara da na farko.

Akasarinsu Turawa ne, kuma gwamnatinsu ce ta sa aka ɗauka. Daga 1935 zuwa 1944, bayan karyewar tattalin arziki da farin da ya mai da gonakin Oklahoma ƙura, hukumomin gwamnati, musamman na tallafa wa manoma, sun tura masu ɗaukar hoto ƙauyuka, akasari a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Roy Stryker. Kimanin hotuna 175,000 na wannan aiki suna ajiye a laburaren Majalisar Dokokin Amurka a nan Washinton. A ganina rashin kalar ya taimaka, domin idan aka cire launi, ido ba ya shagala da tufafi, sai ya tsaya a kan kantar hannu da jijiyar wuya, irin waɗanda na sani a jikin Baffa idan ya dawo daga huɗa.

Hoton da ya fi tsaya mini shi ne wanda Dorothea Lange ta ɗauka a Maris na 1936 a Nipomo ta jihar Kalifoniya: uwa ta yi tagumi, 'ya'ya biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta, jariri a cinya. A sansanin masu tsinkar koren wake aka ɗauke shi, bayan sanyi ya daskarar da amfanin gonar, aiki ya tsaya. Ban fahimci wannan ba sai da na yi hunturun farko a nan. Sanyin da muke kuka da shi a Janairu, wanda ake hura wuta da kara a ƙofar gida, hantsi na dubawa ya sake mu. Na nan ba ya saki. Yatsuna sukan ƙage cikin safar hannu har in kasa danna kyamara, ruwa yakan zama dutse a bakin titi, numfashi yana fita kamar hayaƙi, alhali ina da ɗaki mai ɗumi da zan koma. Ita kuwa tanti ne kawai tsakaninta da iska, ga yara. Tun daga lokacin nake kallon tagumin nan da wani ido.

Bayan an buga hoton a jarida, gwamnati ta aika wa sansanin abinci kusan tan 9, amma iyalin sun riga sun tashi. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne Lange ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 duniya ta san ita ce Florence Owens Thompson, kuma ta nuna ɓacin ranta cewa fuskarta ta zaga duniya ba ta amfana da komai ba.

Wannan ne ya sa nake tuna fadamar Kwalkwalawa da masu yankan shinkafa a Wurno, da yadda baƙo kan tsaya da waya ya ɗauki ɗan ƙwadago ko sallama babu, ya saka a Facebook da kalaman tausayi. Mutumin da ya duƙa da lauje tun asuba sana'arsa yake yi, kuma yana da suna da unguwa da iyali. Ƙannena masu wayoyi, in za ku ɗauka, ku yi sallama, ku nemi izini, musamman wajen mata masu sussuka da shiƙa, sannan ku rubuta suna da gari da shekara.

Batun kyamara kuwa, tana da tsada, kuma wayar hannunku ta isa. Roƙona shi ne idan an zo girbi a gonar Baffa, ku ɗauke shi tsaye kusa da dammunan geronsa, ku wanke hoton biyu, ku ba shi ɗaya, ku ajiye mini ɗaya har in zo.

Wassalam, ɗanku kuma ɗan'uwanku a Washinton.