Abin da na koya wajen masu littlefs

Sana'ata haɗa ƙananan na'urori ce, kuma abin da ya kai ni ga littlefs, wato manhajar da ke tsara ajiyar fayiloli a ƙananan na'urori, wata 'yar na'ura ce mai ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ESP32 da ke auna sanyin firjin magani a ɗakunan shan magani masu amfani da sola. Duk abin da ta auna a ma'ajiyar flash take zuba shi, wato ma'ajiyar da ke riƙe bayani ko da wuta ta ɗauke. Ita kuwa flash tana da halinta. Ba a rubutu a kan rubutu sai an goge sashe guda ɗungurungum, galibi kilobayit 4, kuma kowane sashe yana da iyakar gugar da zai jure, wajen sau 100,000 a nau'in flash da ake kira NOR, wadda muke amfani da ita. In wuta ta yanke ana cikin guga, tsarin fayil da bai shirya wa haka ba sai ya wargaje.

Don irin wannan aka gina littlefs. Christopher Haster ne ya fara shi a kamfanin ARM, ya fito a 2017, kuma kowa na iya ɗauka ya duba cikinsa ya gyara. Dabararsa ita ce ba ya sakin tsohon bayani sai sabon ya zauna daram: kowane kundin fayiloli yana da sassa biyu, ana rubutu a ɗaya har ya cika, sannan a kwashe zuwa ɗayan.

Duk da haka wasu na'urorina suka dawo ma'ajiyarsu ta ƙi buɗuwa. Na kai maganar GitHub, shafin intanet na masu rubuta manhaja, inda aikin littlefs yake. Wanda ya fara amsa min ba ma'aikacin kowa ba ne a wurin, mai amfani ne kamar ni. Bai yi gardama ba, bai kuma kare manhajar ba. Abu uku ya nema: saitin da na yi, kwafin ma'ajiyar gaba ɗaya yadda ta dawo, da ƙarfin wutar da ke isa ga flash ɗin lokacin da batir ke mutuwa. Tambayar ƙarshen nan ce ta warware komai. Batirin sola ba ya yankewa farat ɗaya, a hankali yake sauka wajen asuba. Flash ɗin tana buƙatar aƙalla volt 2.7, shi kuwa ESP32 yana iya ci gaba da aiki ƙasa da haka, yana ta aika mata rubutun da ba za ta iya ajiyewa daidai ba. Na saita na'urar ta daina rubutu tun wuta ba ta yi ƙasa haka ba, matsalar ta kau.

Tun daga nan na gane cewa a aiki irin wannan, rahoton da wani zai iya maimaitawa a kan teburinsa ya fi dogon ƙorafi daraja nesa ba kusa ba. Mutumin da ba ka taɓa gani ba, zai ba ka darensa kyauta, in dai ka ba shi abin da zai kama.

Akwai masu ganin aikin yana tafiyar hawainiya, gyara ya daɗe yana jiran a karɓe shi. Ni ina goyon bayan wannan jinkirin. Yadda ake jera bayanai a ma'ajiya alkawari ne ga na'urorin da tuni suka watsu a duniya, waɗanda ba mai zuwa ya taɓa su. A 2023 sigar 2.6 ta ɗan sauya wannan jeri, ta yadda tsohuwar siga ba za ta iya buɗe ma'ajiyar da sabuwa ta yi wa rubutu ba. Masu na'urori a fili suka bayyana damuwarsu, siga ta 2.7 kuma ta zo da zaɓin ci gaba da rubutu a tsohon jeri. Wannan sauraron ne ya sa na amince na ɗora aikina a kansa.

Yanzu gudummawata ita ce gwaji. Duk sigar da ta fito, nakan ɗora ta a allon na'ura, in haɗa shi da abin da ke rage masa wuta sannu a hankali yana tsaka da rubutu, in aika sakamakon ko da lafiya lau ne. Sababbin shiga da suka rikice da girman sashe kuma nakan amsa musu, in fara da tambayar wace flash ce a allonsu.