Haɗa kwamfutar gem da ƙaramin jari a Bauchi: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyon haɗa kwamfuta, barkanmu da war haka. Kwamfutar gem da aka haɗa, da ke kan tebur, ta tashi, ta karɓi Windows 11, ta yi awa uku tana gem ba ta ɗauke ba. Abin da ya rage shi ne batun wuta da gwajin zafi na gaskiya. Ga kayan da aka zuba mata, da wuraren da aka yi tuntuɓe, da amsar tambayar da kusan kowa ke yi: da wannan ɗawainiya, ba gara a sayi PS, wato na'urar gem ta PlayStation, a huta ba?

Firosesa dai Ryzen 5 5600 ce, mai ƙwaƙwalwa shida, tana cin wat 65, kuma tana zuwa da fankarta a kwali. Madabod, wato allon da ake dasa sauran kayan a kansa, ƙarami ne, B550. RAM sanda biyu ne na DDR4-3200, kowanne giga 8. Katin hoto RX 6600 ne mai giga 8, ɗan kwatano. Sai SSD na NVMe mai tera 1, da fawa-fak sabo fil mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, da akwati mai raga a gaba. Ba za a rubuta farashi da naira ba, don kuɗin waɗannan kaya bin dala yake, abin da aka faɗa yau ba shi za ka tarar gobe ba. Yadda za a raba kuɗin ya fi amfani: wajen kashi 40 cikin ɗari ga katin hoto, kashi 25 zuwa 30 ga firosesa da madabod, sauran ga RAM da SSD da fawa-fak da akwati. Monita da UPS, mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, lissafinsu daban, kuma nan ne yawancin masu farawa ke mantawa, sai kuɗi ya ƙare a rabin hanya.

Komai za a iya saye na kwatano ban da fawa-fak. Shi ke juya wutar bango ya raba wa kowane sashe, idan ya yi gardama yakan tafi da madabod da kati a tashi ɗaya. Wanda ake haɗawa da akwati kyauta, mara nauyi a hannu, da aka rubuta masa wat 600 ko 700, a bar shi a shago. Idan kuma an sayi tsohuwar kwamfuta da ta fito daga Amurka, a duba bayanta kafin a jona. Wasu tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wutarmu bolt 230 ce. Idan yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji da hayaƙi, shi ke nan.

Katin kwatano kuwa gani ya kori ji. Ko daga Computer Village na Ikeja zai taso, ko daga Banex a Abuja, a nemi mai sayarwa ya ɗauki bidiyo yana buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, a ga suna da yawan giga, sannan ya bar manhajar FurMark mai gwada ƙarfin kati na gudu minti 15 zuwa 20. Ana duba abu uku: fankokin biyu duk suna juyawa, zafi ya tsaya wuri guda bai yi ta hawa ba, allo kuma babu ɗige-ɗige ko layuka masu launi. Waɗannan ɗige-ɗigen alamar ma'ajiyar katin ta fara mutuwa ce, ba matsalar direba ba ce, wato manhajar da ke tafiyar da katin, idan mai sayarwa ya ce haka kar a yarda. RX 580 na cika kasuwa da araha, amma da yawansu an yi haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana, kuma mai alamar 2048SP ƙarfinsa na RX 570 ne duk da sunan da ke jikinsa. Akwai kuma jabun GTX 1050 Ti, tsohon kati ne aka sauya wa suna. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce shuɗin ramin VGA a bayansa, na gaskiyar ba ya da shi.

An fara haɗin ne a waje, a kan kwalin madabod, ba a cikin akwati ba. Haka ya fi, don idan wani sashe ya zo a mace za a gane kafin a ɗaure noti ko ɗaya. Wannan firosesa, mai shiga soket ɗin AM4, allurai gare ta a ƙasa. A ɗaga ƙarfen soket, a daidaita ɗan kusurwar zinariya da alamar da ke kan soket, a sake ta ta faɗa da kanta. Idan sai an danna, to ba ta zauna daidai ba, dannawa kuma lanƙwasa allura ne. Fankar da ta zo a kwali tana da man ɗauke zafi (thermal paste) a shafe, ba sai an ƙara ba. Idan wata fanka aka saya, a ɓare ledar da ke ƙasanta, a ɗiga mai kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure notuna huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ranar da za a cire fankar, a bari kwamfuta ta ɗan yi ɗumi, a murɗa hagu da dama kafin a ɗaga. Busasshen mai yana riƙe firosesa ya fizgo ta daga soket.

Da hunturu kuma a kula da wutar jiki, irin wadda ke tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu ce ke tara ta. A yi aikin a kan tebur na katako, ba a kan kafet ko bargo ba, a riƙa taɓa ƙarfe kafin a ɗauki RAM ko kati, a kuma riƙe su ta gefe.

Kunnawar farko ba ta ba da hoto ba. Fankoki na juyawa, allo baƙi ƙirin. Dalilin shi ne wayar HDMI da aka soka a bayan madabod. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, sai mai harafin G, wato 5600G. Wayar monita a jikin katin hoto take shiga, can ƙasa. Da aka gyara wannan sai ɗan fitilar DRAM, mai nuna matsalar RAM, da ke gefen madabod ya tsaya a kunne, sanda ɗaya na RAM bai shiga har ƙarshe ba. RAM yana son a danna shi da yatsu biyu har a ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. Idan ramuka huɗu ne, na biyu da na huɗu daga firosesa ake sakawa, A2 da B2. Idan aka jera su kusa da juna kwamfuta za ta tashi, amma ta hanya ɗaya za ta riƙa karanta su maimakon biyu, gem ya riƙa sarƙewa ba a san dalili ba.

Wanda ya zaɓi madabod B450 don rage kuɗi ya tambaya ko an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod, don tsohon ba ya gane Ryzen 5000, alamarsa kuma iri ɗaya ce da ta mataccen madabod. Mai maɓallin Flashback a baya ana iya sabunta shi da filas ko babu firosesa a kai.

A cikin akwati, a ƙirga ramukan madabod, a ƙirga 'yan ginshiƙan tagullar da zai zauna a kansu, su zo daidai. Ginshiƙi ɗaya da ya tsaya inda babu rami zai taɓa bayan madabod ya haɗa wuta. Wayoyin fawa-fak masu baki takwas guda biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba: mai rabuwa huɗu da huɗu ta firosesa ce, mai rabuwa shida da biyu ta kati ce. A BIOS an kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, wasu madabod suna kiransa DOCP, in ba haka ba RAM ɗin 3200 zai zauna a 2133 ko 2400. An kuma tabbatar saitin tsaro na fTPM na kunne, don Windows 11 tana neman TPM 2.0.

Wannan ya shafi masu bin gajeriyar hanya, wato sayen tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk a saka mata kati. Hanya ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, amma da sharaɗi. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma daga Intel ƙarni na 8 take farawa. Don haka i5-8500 ake nema, ba i5-6500 ko 7500 ba. Fawa-fak ɗinsu ƙarami ne mai wayoyi na musamman, saboda haka sai katin da ba ya neman wayar wuta, irin GTX 1650 mai wat 75, gajeren samfurin idan akwatin siriri ne.

Yanzu ga inda Bauchi ta bambanta da bidiyoyin haɗa kwamfuta da ake kallo. Wannan kwamfuta da monitarta tana jan wat 250 zuwa 280 a tsakiyar gem. PS5 na jan wajen 200, Xbox Series S wajen 75, sai a ƙara wa kowanne wajen 50 na talabijin. Ɗauki batir ɗaya mai bolt 12, amfiya 100. A takarda wat-awa 1,200 ne, amma rabinsa kawai ake sha idan ana son ya daɗe, inbata ma ta ci nata, abin da zai rage wajen 500. Kwamfutar ba za ta cika awa biyu ba. PS5 awa biyu. Series S kusan awa huɗu. Mai dogaro da ƙaramin sola ya yi wannan lissafi kafin ya sayi noti.

UPS kuma ba na ci gaba da wasa ba ne, na adanawa ne a kashe cikin natsuwa. Lambar da ke kwalinsa VA ce, ba wat ba. Mai 650VA wajen wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, batirinsa ɗaya ne mai amfiya 7, 'yan mintoci zai ba ka. Mai 1000VA zuwa sama ya fi dacewa. Wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da wutar ƙaramin UPS, da an ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu tare da ita. A gwada tun ranar farko: a buɗe gem, a kashe soket ɗin bango, a ga abin da zai faru. Idan da janareta ne, a bar shi ya daidaita minti biyu ko uku kafin a jona, a kuma kashe kwamfuta kafin mai ya ƙare, don hawa da saukar da yake yi a ƙarshe sun fi ɗaukewar wuta illa. PS ma haka take buƙata.

Data ma kuɗi ce. Manyan gem na yanzu suna kaiwa giga 50 zuwa sama da 100. Giga 100 a kan intanet mai gudun megabit 10 awa 22 ne, idan bai yanke ba. Nan faifan PS ya yi zarra: ana aro, ana musaya, ana sayarwa bayan an gama, ko da yake shi ma yana neman sabuntawa. Series S ba ta da wurin faifai, komai sai an sauke, arahar wutarta sai ta koma kuɗin data. A kwamfuta, shagon gem na intanet mai suna Steam yana ba da damar kwafo fayilolin gem daga na'urar wani, muddin kai ma ka saya a asusunka, sai ya duba ya cike abin da ya rage. Shagon Epic kuma yana raba gem kyauta duk Alhamis. Wasa da mutane ta intanet kyauta ne a kwamfuta, a PS kuwa sai da PlayStation Plus, ban da irin su Fortnite da ake bugawa kyauta. Gem ɗin sata da ake loda wa mutane a had-disk, shi ne babbar ƙofar da ake sace kalmomin sirri ta cikinta. Kwamfutar da ake shiga banki da ita, kar a kusantar da shi gare ta.

To, wa ya kamata ya sayi me? Wanda burinsa ƙwallo ne, FC ko eFootball, da abokai a ɗaki ɗaya, hannu biyu, ko mai shirin buɗe gidan gem a Yelwa ko Gwallameji inda ɗalibai suke, PS ce tasa, ko da PS4 ce ta kwatano. A jona, a kunna, a buga, babu direba babu BIOS. Kuma a faɗi gaskiya, PS5 da ta fito a 2020 a kan dala 499 ta ɗan fi RX 6600 ƙarfin hoto, da wuya a haɗa sabuwar kwamfuta da ta kai ta da wannan kuɗi. Kwamfuta tana biyan kuɗin sabulu ne idan za ta yi aiki biyu: gem da dare, da rana AutoCAD ko gyaran bidiyo ko koyon rubuta manhaja. Ana kuma gyara ta gaɓa-gaɓa. Kati ya tsufa, a canza kati kaɗai. A 1080p wannan haɗin yana ba da hoto 60 zuwa sama a daƙiƙa a yawancin gem, ya ishi monita mai inci 24.

Gwajin zafin da aka yi yanzu ba shi ne na gaskiya ba. Ryzen 5 5600 tana rage gudunta idan ta kai digiri 90, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙara, ita ma sai ta ƙara shi. Abin da aka gani da sanyin safiya zai hau da goma ko fiye a Maris da Afrilu, lokacin da gari ke taɓa 40. Don haka za a ƙara fanka biyu masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta ramukan gefe, sai ta bi ta raga inda za a tare ta. An ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur. Ragar gaba za a riƙa kaɗe ta duk mako biyu har ƙurar hunturu ta lafa, ciki kuma a hure da bulowa, ana riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Za a bar MemTest86 ya kwana yana duba RAM a daren da aka samu wuta, sannan a rubuta zafin firosesa da na kati da HWiNFO, don a samu abin kwatantawa idan bazara ta shigo.